Ina da digirin maikurobayoloji daga gida amma sun ce sai na sake kwasa-kwasai kafin in nemi karatun PA, wato mataimakin likita

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Don Allah waɗanda suka san harkar karatun PA a nan Amurka su taimaka min da bayani, kaina ya ɗaure. Ni na gama digiri na maikurobayoloji a gida Najeriya tun 2013, yanzu ina Kolumbus ta Ohayo ina aikin CNA, wato mataimakiyar nas, a gidan kula da tsofaffi, yara sun ɗan tasa shi ne na ce bari in koma karatu. To na tura wa wata makaranta imel ina tambayar abin da ake buƙata, suka amsa min cewa digirina za su karɓa in an tantance shi amma kwasa-kwasan sharaɗi dole a nan Amurka za a yi su kuma kada su wuce shekara 7, har da maikurobayoloji fa, abin da na yi shekara huɗu ina karantawa har na yi furojet a kai. Wallahi abin ya sosa min rai. Haka dukkansu suke ko wannan ce kawai?

Baban Khalil RN: Wa alaikumus salam Maman Hanifa. Kusan haka suke. Ni dai shawarata ki bar zancen PA ɗin nan ki yi nas. Tunda kina da digiri akwai BSN na gaggawa, wato digirin nas, wata 12 zuwa 18 kin gama, ki fara aiki ki samu kuɗi, in kina so daga baya ki yi NP, wato babbar nas mai duba marasa lafiya da kanta, kina aiki kina karatu, aikin da NP ke yi a kilinik kusan ɗaya ne da na PA.

Anti Bilki PA-C: Wa alaikumus salam ƙanwata. Baban Khalil ka bari ta fara jin amsar abin da ta tambaya tukuna sannan mu zo kan zancen nas.

Ba dukkansu suke ɗaya ba, kuma a nan mutanenmu suka fi shan wahala. Makarantun PA da hukumar ARC-PA ta amince da su sun haura 300 kuma babu wani jerin kwasa-kwasai guda ɗaya da aka ɗora wa kowa, kowacce ita ke tsara nata. Amma akwai waɗanda kusan duk inda kika je za ki tarar da su: anatomi da fiziyoloji da lab ɗinsu, yawanci samista biyu, maikurobayoloji da lab, kemistiri na gama-gari 1 da 2 da lab, sitatistiks, saikoloji. Sai kuma waɗanda suke bambanta, wata ta ce oganik kemistiri, wata ta ce bayokemistiri, wata ta ce duka biyun, wata tana son jenetiks, wata kwas ɗin kalmomin likitanci, wata Turancin rubutu samista biyu. Misali Jami'ar Duke, inda aka fara wannan karatun a 1965, abin da na sani suna neman kwas biyar na bayoloji ciki har da anatomi, fiziyoloji da maikuro, kwas biyu na kemistiri da lab, sitatistiks ɗaya, da awa 1000 na kula da marasa lafiya. Kin ga ba su ambaci saikoloji ba alhali wata makarantar ba za ta ma buɗe fayil ɗinki ba in babu shi.

Shi ya sa abin da nake gaya wa duk wanda ya zo min shi ne kada ki biya kuɗin kwas ko ɗaya sai kin zauna kin fitar da makarantun da za ki iya zuwa da gaske, waɗanda kika san in sun ɗauke ki maigida da yara za su iya jurewa, ki ɗauki takarda ki ja layi, kowace makaranta ki rubuta me take nema, kiredit nawa, da lab ko babu, shekara nawa kwas yake yi kafin ya mutu a wurinsu, suna karɓar na onlayin ko a'a, suna karɓar na ƙasar waje ko a'a. Daga wannan takardar za ki san me za ki karanta.

Maman Hanifa: Na gode Anti Allah ya saka da alheri. To amma wannan zancen mutuwar kwas ɗin, kowa shekara 7 ne?

Anti Bilki PA-C: A'a. Wasu 5, wasu 7, wasu 10, wasu ma ba ruwansu da shekaru. Wasu kuma ba duka kwasa-kwasan suke sa wa wa'adi ba sai na kimiyya, musamman anatomi, fiziyoloji da maikuro. Ke naki na 2013 ya riga ya wuce 10 ɗin ma, don haka ko da a nan kika yi digirin da yawansu za su ce ki sake. Kuma ki lura daga yaushe suke ƙirgawa, wasu daga ranar da kika tura fom wasu daga ranar da za a fara aji, tsakaninsu kuwa ana iya samun kusan shekara guda.

Dokta na Hustan: Ku yi haƙuri ni fa wannan abin ban taɓa yarda da shi ba kuma ba zan yarda ba. Ni likita ne, na yi MBBS a gida, na yi aikin asibiti na yi tiyatar haihuwa da hannuna ba adadi, da na zo nan kafin in samu gurbin residansi, wato horon ƙwarewa na likitoci, na leƙa zancen PA, aka ce min sai na koma kwaleji na zauna da yara 'yan shekara 18 na yi anatomi 1. Mutumin da ya feɗe gawa a aji biyu na jami'a. Kuma ko an ɗauke ka babu ragin ko wata ɗaya, sai ka yi shirin daga farko har ƙarshe. Wannan ba ilimi ake aunawa ba, kuɗi ake tatsa kawai kuma raina karatunmu ne. Ƙwayar cutar da Maman Hanifa ta karanta a Najeriya ta canza ne da ta tsallako teku?

Anti Bilki PA-C: Dokta ranka ya daɗe, a kan likita irinka na yarda akwai rashin adalci kuma ban da abin karewa. Amma a kan sauran ina da ja. Karatun PA kusan wata 27 ne, shekarar farko ana ɗura maka abin da ɗaliban likitanci suke yi a hankali, jarrabawa kusan kowane mako, babu wanda zai tsaya ya tuna maka yadda ƙoda ke tace jini, ranar farko an ɗauka ka zo da shi a kanka. Wanda ya rabu da littafi shekara 12 yana reno yana aikin dare, in aka jefa shi ciki haka nan cutarsa aka yi, ga bashin makaranta a wuyansa in ya faɗi. Sannan su masu tantancewa mutum dubbai ne a gabansu suna neman kujeru 'yan kaɗan, ba su san wane malami ne ya koyar da ke a gida ba, ba su san 68 a wurinmu maki ne mai tsada ba, abin da suka iya karantawa shi ne A ko B daga makarantar da suka san tsarinta.

Dokta na Hustan: To ai shi ne amfanin WES, masu tantance takardun karatun ƙasar waje, Hajiya. In sun tantance sun ce daidai yake da na nan me ya rage?

Ummi_Mpls: Kawu Dokta barka da dare, bari in sa baki tunda ni yanzu haka ina cikin CASPA ɗin tsundum. Tantancewar WES ana buƙatarta, kuma ta kwas-bayan-kwas ake so ba ta takarda kawai ba, amma abin da take yi shi ne ta nuna kana da digirin farko. Shi CASPA, wato shafin da ake tura fom ɗin yawancin makarantu ta cikinsa, ba ya saka makin ƙasar waje a cikin lissafinsa na GPA, wato matsakaicin maki, sam. Kenan Anti Maman Hanifa in kika tura yau, gurbin GPA ɗinki babu komai a ciki. Duk abin da zai fito a wurin kwasa-kwasan da kika yi a nan ne.

Maman Hanifa: Ikon Allah. Kenan 2:1 ɗina ba zai fito ba kwata-kwata?

Ummi_Mpls: Zai fito a rahoton WES, makarantar da ta ga dama ta duba can, amma ba ya cikin lambar da CASPA ke lissafawa. Kuma Anti wannan yana da amfani yana da haɗari. Amfanin shi ne kin fara da farar takarda, in kin ci A a kwas takwas ko tara GPA ɗinki na kimiyya zai fi na yawancinmu da muka yi shekara huɗu a nan. Haɗarin kuma kiredit ɗinki kaɗan ne don haka C guda ɗaya a kwas mai kiredit 4 zai ja ki ƙasa sosai. Sannan CASPA ba ya goge faɗuwa, in kin ci D kin sake kin ci A, ko da kwalejinki ta maye gurbin na farkon su duka biyun za su lissafa. Shi ya sa in mutum ya ga kwas zai kayar da shi gara ya janye kafin ranar da aka ƙayyade, W, wato alamar janyewa, ba ya shiga lissafi, sai dai kada su yi yawa don ana gani. Yawancin makarantu 3.0 suke rubutawa a matsayin mafi ƙanƙanta amma waɗanda ake ɗauka a zahiri suna wajen 3.5 zuwa 3.6. Kuma C da ɗan ragi a gefe, wato C-, wurare da yawa ba sa karɓa a kwas ɗin sharaɗi.

Baban Khalil RN: To kun ji ko. Mace da yara uku da aikin dare a ce sai ta ci A a oganik kemistiri. Ni ba hana ta nake ba wallahi, lissafi nake mata. Kwasa-kwasan sharaɗi kusan shekara biyu, jiran admishan shekara ɗaya in an dace a karon farko, karatun kansa sama da shekara biyu kuma ba a aiki a lokacin, makarantu da yawa ƙarara suke cewa kada ka yi aiki. Shekara biyar kenan, biyu a ciki babu albashi. Wa zai riƙe gidan? Mu faɗa wa juna gaskiya.

Anti Bilki PA-C: Wannan lissafin naka gaskiya ne Baban Khalil ban musa ba, kuma duk wadda za ta shiga ta zauna da mijinta su yi shi da biro da takarda. Inda na saɓa da kai shi ne ba yau za ta yanke hukuncin ba. Shi BSN na gaggawan da kake faɗa ai shi ma yana neman anatomi da fiziyoloji 1 da 2, maikuro, sitatistiks, saikoloji, sau da yawa da kemistiri. Hanya ɗaya ce har zuwa wani wuri. Ta fara da waɗannan, bayan samista biyu ta dubi makinta ta dubi gidanta, in A take ci kuma akwai hali ta ci gaba da kemistirin da ya rage ta nemi PA, in abin ya yi nauyi ta juya nas ba ta yi asarar komai ba. Abu ɗaya kawai, ta tabbatar ta ɗauki kwas na masu karanta kimiyya, don kwalejoji da yawa suna da kemistiri kala biyu da maikuro kala biyu, akwai sassauƙa na 'yan nas akwai cikakke, makarantun PA da yawa ba sa karɓar sassauƙan amma makarantar nas yawanci tana karɓar cikakken.

Baban Khalil RN: Wannan kam na yarda. Cikakken ta ɗauka.

Ɗan Zongo Bronx: Salamu alaikum jama'a. Ni daga Kumasi nake, kuma PA ne ni a Gana da lasin ɗina na hukumar likitoci, mu can sana'a ce tsohuwa, tun 1969 ake horar da mutane a Kintampo. Na riƙe asibitin ƙauye ni kaɗai babu likita, zazzaɓin sauro, ɗinki, haihuwa, duk ni ne. Na zo nan aka ce jarrabawar PANCE, wadda sai ka ci ta za ka zama PA a nan, ba mai zama sai wanda ya gama makarantar da ARC-PA ta amince da ita, don haka ni da wanda bai taɓa riƙe allura ba layi ɗaya muke. Na ji zafin da Dokta yake ji. Amma na shiga kwalejin unguwa a nan Bronx na fara, kuma gaskiyar Allah fiziyoloji da na sake ya amfane ni, abubuwa da yawa ina yi da hannu shekaru amma dalilinsu ya dushe a kaina. Tambayata ga Hajiya Bilki, awannin da na yi a Gana suna shiga lissafi?

Anti Bilki PA-C: Malam sannu da ƙoƙari, Allah ya cika buri. Ka rubuta su duka a CASPA, akwai wurin da ake sa aikin kula da marar lafiya kai tsaye, akwai kuma wurin aikin asibiti da ba ka taɓa marar lafiya. Wasu makarantu za su ƙirga na Gana wasu sai na nan, don haka ka haɗa da na nan ɗin, kuma ka nemi takardar shaida daga inda ka yi aiki tun yanzu mai ɗauke da kwanan wata da irin aikin. Abin da ka gani a ƙauyen nan shi za ka zuba a bayanin kanka da ake rubutawa, harafi 5000 ne kacal har da tazara, kuma a intabiyu babu yaron da zai kamo ka. Tunda kana Niyok ka duba na CUNY, wato jami'ar birnin Niyok, akwai shirin PA a Kwalejin York da ke Kwins akwai kuma na Harlem, kuɗinsu ya fi na masu zaman kansu sauƙi ga mazaunin jiha.

Maman Hanifa ke ma aikin CNA ɗinki dukiya ce, kusan ko'ina ana ƙirga shi a kula da marar lafiya kai tsaye. Wasu makarantu 500 suke nema wasu 1000 wasu 2000, mai cikakken aiki kuwa yana tara wajen 2000 a shekara. Ki ajiye takardun albashinki.

Maman Hanifa: Alhamdulillah ashe dai wankan tsofaffin nan da juya su a gado ba a banza ba. To Anti kwalejin unguwa ko jami'a? Wata ƙawata ta ce min wai in a kwalejin unguwa ka yi suna raina shi.

Anti Bilki PA-C: Yawanci suna karɓa, ni kaina a can na yi anatomi da maikuro. Akwai 'yan kaɗan da suka fi son na jami'a, akwai kuma kwasa-kwasai irin bayokemistiri da jenetiks da wasu ke cewa sai na manyan aji, su kuma kwalejin unguwa ba ta cika yinsu a wannan matakin ba. Mutane da yawa abin da suke yi shi ne su kwashe na ƙasa a kwaleji don arha da ajin yamma, ɗaya ko biyu na sama su je jami'a. Abin da ba a sassauci a kai shi ne makarantar ta zama mai cikakkiyar amincewar hukuma, ba irin waɗanda ke talla a waya ba.

Ummi_Mpls: Kuma Anti ki kula Ohayo samista suke yi amma in za ki nemi wata jihar ko ki ɗauki kwas a wurin da ke tsarin kwata, wato inda ake raba shekara zango huɗu, kiredit ɗin kwata kashi biyu cikin uku ne na samista, kwata 5 bai kai samista 4 ba, akwai waɗanda ɗan wannan giɓin ya hana.

Hajiya Maman Biyu: Ni tambayata a kan na onlayin ne, don ni fita da yamma ba ta yiwuwa gare ni. Na ga masu cewa suna yin lab a gida ana aiko musu da kaya a kwali.

Ummi_Mpls: Akwai Hajiya, Jami'ar New England tana da su akwai kuma Portage. A 2020 lokacin korona kusan kowa ya karɓi na onlayin, daga baya wasu suka ci gaba da karɓa wasu suka koma sai lab na ido da ido. Sitatistiks, saikoloji, kalmomin likitanci, waɗannan ba a cika samun matsala ba. Masu lab ɗin ne sai kin tambaya, ki tura imel da sunan kwas ɗin da lambarsa da sunan makarantar, in sun amsa ki ajiye amsar kada ki goge.

Anti Bilki PA-C: Ni kam in da hali anatomi a je aji. Ranar da aka ajiye miki zuciyar tunkiya a faranti kika zura ɗan yatsa ta babbar jijiya kika ji ya faɗa ɗakin hagu, kika matsa bangon hagu kika ji kaurinsa ya ninka na dama, kika ga zaruruwan nan farare da suke riƙe da murfin ƙofa kamar igiyar tanti, ba za ki sake mantawa da inda jini ke bi ba har abada. Hoto a kwamfuta ba ya ba da wannan. Kuma malamin da ya gan ki a lab samista biyu shi zai rubuta miki wasiƙar shaida, yawanci uku ake nema, ɗaya daga malami ɗaya daga shugaban wurin aiki ɗaya daga PA ko likita.

Hajiya Maman Biyu: To ni wani abu na ji da ya tsaya min a rai, wai ana feɗe ɗan alade a lab ɗin. Gaskiya ne?

Ɗan Zongo Bronx: Gaskiya ne Hajiya a wasu kwalejojin, mu mun yi. Wasu kuma kyanwa suke amfani da ita ko roba kawai. Da safar hannu ake yi da rigar lab da tabarau, fatarka ba ta taɓa shi. Ni na tambayi limaminmu kafin in shiga, ke ma ki tambayi malamin da kika natsu da shi. Kuma kina iya gaya wa malamin aji tun makon farko, mu ƙungiya-ƙungiya aka raba mu, wani ya yanka wani ya riƙe littafi yana nuna sassan.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum, ina gaisuwa ga manya. Mu 'yan Nijar namu ya fi naku wuya, ni ina Girinsboro, lisans gare ni, wato digiri, ta shekara uku daga Yamai, takardu duka da Faransanci, maki kuma bisa 20 ne, wanda ya samu 14 a wurinmu gwani ne amma Ba'amurke in ya gani sai ya ɗauka da ƙyar ka tsallake. Mi ya kamata in fara yi?

Anti Bilki PA-C: Malam kai tantancewa za ka fara yi kafin komai, a fassara takardun zuwa Turanci a wurin mai fassara da aka yarda da shi, jami'arka ta aika taranskirif ta hanyar da masu tantancewar suka ce. Dalili shi ne digirin shekara uku wani lokacin ana ba shi matsayin cikakken digirin nan wani lokacin a ce shekara uku ce ta karatu kawai, PA kuwa mastas ne dole sai da cikakken digiri. In aka ce bai cika ba, to maimakon ka yi kwasa-kwasan a warwatse sai ka shiga jami'a ka ƙarasa digiri da su a ciki. Sannan ka shirya wa TOEFL, jarrabawar auna Turanci, kai kam kusan tabbas za su nema. Mu 'yan Najeriya da Gana ma wasu makarantun suna nema duk da da Turanci muka yi karatu.

Dokta na Hustan: Kun ji wani kuma. Mutum ya yi firamare har jami'a da Turanci a ce ya zo ya tabbatar yana jin Turanci. Ni dai ina nan a kan bakana, tsarin bai yi mana adalci ba. Amma Maman Hanifa kada maganata ta karya miki gwiwa, ni fushina da tsarin ne. In kin tashi yin fiziyoloji ki yi min magana, ƙoda da sinadaran jini su ne ke kayar da mutane, zan zauna da ke da duk mai so a guruf ɗin nan ranar Lahadi ta bidiyo kyauta.

Maman Hanifa: Allah ya saka da alheri Dokta, Allah ya ƙara girma, wallahi zan zo. Saura zancen kuɗi, akwai tallafin gwamnati na waɗannan kwasa-kwasan?

Baban Khalil RN: Tallafin Pell ba a ba wanda ya riga ya yi digirin farko, ko da a waje ya yi shi. Yawanci daga aljihu ne, amma kwalejoji suna barin a biya kashi-kashi cikin samista. Ki tambayi ofishin ma'aikata a wurin aikinki, asibitoci da gidajen tsofaffi da yawa suna biya wa ma'aikaci wani abu na karatu, har dala 5,250 a shekara ba a cire masa haraji. Mutanenmu ba sa tambaya ne kawai. Wanda kuma yake gudun bashi mai ruwa, wannan matakin dai ana iya yinsa ba bashi in an bi a hankali, babban karatun ne sai an yi dogon tunani.

Anti Bilki PA-C: Abu na ƙarshe daga ni don gobe ina da kilinik da sassafe. Kemistiri sarƙa ne, sai kin yi 1 za a bar ki ki yi 2, sai kin yi 2 za ki shiga oganik, wurare da yawa sai da oganik za ki shiga bayokemistiri, samista huɗu kenan a jere ko da kin fi kowa ƙwaƙwalwa. Don haka in makarantun da ke takardarki suna nemansa, shi za ki fara tun samistar farko, sitatistiks da saikoloji kuwa ko yaushe ana cusa su har da bazara. Ki kai rahoton WES ɗinki wurin mai ba da shawara a kwalejin, wani lokacin saboda shi za su yafe miki ƙananan kwasa-kwasan share fage irin bayoloji na farko ki wuce kai tsaye. Kada ki haɗa masu lab fiye da biyu a samista ɗaya kina aikin dare. CASPA ƙarshen Afrilu yake buɗewa kowace shekara kuma makarantu da yawa suna cike kujeru tun fom yana shigowa, mai turawa a Mayu ko Yuni ya fi mai jiran ranar rufewa. Wasu suna bari ki tura da saura kwas ɗaya ko biyu ba ki gama ba, wasu sai komai ya kammala, wannan ma ki ƙara masa layi a takardar.

Maman Hanifa: Na rubuta duka Anti. Yau da dare zan fitar da na Ohayo da waɗanda ke kusa da mu don maigida ba zai iya barin aikinsa ba, in na gama takardar zan ɗora ta a nan ku duba min kafin a buɗe rajista. Maikuron kuma zan sake shi, amma zan bar shi sai ƙarshe tunda shi ne na fi ƙarfi a kai kuma kada wa'adinsa ya fara tafiya da wuri. Ummi don Allah jarrabawar GRE ta neman shiga mastas fa, har yanzu ana nema?

Ummi_Mpls: Wasu suna nema da yawa sun daina Anti, akwai kuma masu neman wasu jarrabawowin shiga, PA-CAT ko Casper. Kada ki yi ko ɗaya yanzu, makin GRE shekara 5 yake yi, ki bari sai kin kusa turawa. Ki turo min sunayen makarantun ta inbos in duba ko akwai waɗanda muka haɗu a kai, ina da nawa jadawalin sai in tura miki ki cike naki a kai.